An ba ni kwas ɗin gudanar da ayyuka, ta ina zan fara da ɗaliban kasuwanci?

Wani ƙanena, sabon lakcara a sashen nazarin kasuwanci, ya turo min tambaya. Ya ce an ɗora masa kwas ɗin gudanar da ayyuka na 'yan aji uku, yaran sun haura ɗari da hamsin, bai taɓa koyar da shi ba, littafin da ya samu kuma ƙato ne ga ma'anoni birjik, yana so ya san ta ina zai kama kuma shin dole sai da kwamfuta da manhaja.

To Malam, Allah ya sanya albarka a wannan nauyi da aka ɗora maka. Amsata a dunƙule ita ce ka ajiye littafin nan a gefe tukuna, ka ba yaran aiki na gaske tun satin farko, ƙarami, mai kuɗi na gaske da ranar gamawa wadda ba ta matsawa, sannan duk abin da za ka koyar ka rataya shi a jikin wannan aikin. Bari in faɗa maka dalili don ni ma ba haka na fara ba.

Shekarar da na fara ɗaukar kwas ɗin nan na bi tsarin PMBOK ne tiryan-tiryan, wato kundin da cibiyar PMI ta Amurka take fitarwa, cibiyar da aka kafa a 1969. Bugu na shida na 2017 yana da matakai 49 a ƙarƙashin fannoni 10 da rukunai 5, na sa yara suka haddace su kaf, suka kuma ci jarrabawa da kyau. Bayan kamar shekara biyu ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa maki ya zo ofis ya same ni, mahaifinsa ya damƙa masa kula da ginin shaguna huɗu, kuɗi ya ƙare gini yana linta, magini ya tafi wani aikin, damina ta kawo kai. Yaron nan yana iya karanto min matakai 49 ɗin a tsaye amma bai taɓa zama ya rubuta me zai fara, me zai biyo baya, nawa kowanne zai ci ba. Abin ya tsaya min a rai sosai wallahi, daga nan na sauya tsari. Su kansu masu kundin da suka fitar da bugu na bakwai a 2021 sun rage wancan jerin sun koma ga ƙa'idoji 12.

Abu na farko da za ka warware a ranar farko shi ne kalmar furojet kanta, wato irin aikin da kwas ɗin yake magana a kai. Ɗalibin jami'a a Najeriya in ya ji furojet abin da ke zuwa masa shi ne kundin da ake rubutawa a ajin ƙarshe, babi na ɗaya zuwa na biyar, wasu har za su zo suna zaton za ka koya musu yadda ake rubuta shi ne. Ka nuna musu bambancin da misalin da suka sani. Mai gidan burodi da yake gasawa kullum da asuba sana'a yake yi, ba ta da ranar ƙarewa. Amma ranar da ya ce zai buɗe reshe na biyu a wata unguwa kafin azumi, to wannan shi ne aikin da muke magana, yana da farko yana da ƙarshe, yana da kuɗin da aka ware masa, kuma in an gama akwai abin da za a nuna a ce ga shi. Minti goma ya isa wannan, kar ka ɓata masa sati.

Sai ka raba su gurup-gurup, mutum bakwai ko takwas, kai za ka raba ba su ba, don in ka bar su abokai ne za su haɗu sai a bar wasu a baya. Kowane gurup ya kawo aikin da zai iya gamawa cikin sati goma da kuɗin da za su iya haɗawa ba tare da an takura wa kowa ba. Na ga waɗanda suka yi fentin aji ɗaya a makarantar firamare, da waɗanda suka gyara famfon tuƙa-tuƙa a wata unguwa, da waɗanda suka shirya baje kolin yini ɗaya na ɗalibai masu ƙananan sana'o'i. Kafin su taɓa komai su kawo maka takarda shafi ɗaya tak, me za a yi, me BA za a yi ba, don wa, nawa, zuwa yaushe, wa zai sa hannu ya ce ya karɓa. Layin nan na abin da ba za a yi ba shi ne yara suka fi tsallakewa kuma shi ne yake kashe su daga baya.

Ga yadda yake kashe su. Gurup ɗin da suka je fentin aji, yarjejeniyarsu bango huɗu ne da allo. Rana ta biyu hedimasta, dattijo mai mutunci wanda ya haife su, ya leƙo ya yaba ya sa albarka, sannan ya ce 'ya'yana tunda Allah ya kawo ku ai da kun duba ƙofar nan da ta ɓalle, ga kuma taga biyu. Babu wanda ya iya buɗe baki, kara ta hana, suka ce to Baba. Ƙofa da taga suka cinye kuɗin fenti na shafe na biyu, ajin ya fito dabbare-dabbare, suka zo min rai a ɓace. Wannan shi ne abin da littattafai suke kira kumburar aiki, a wurinmu kuma ba daga mugunta yake zuwa ba, daga kunya ne da girmama manya, don haka maganin da Bature ya rubuta na cewa kawai ka ce a'a ba zai yi aiki a bakin yaro ɗan shekara ashirin da biyu a gaban sa'an kakansa ba. Abin da nake koya musu, har mu gwada shi a aji ɗaya ya zama dattijon ɗaya ya zama shugaban gurup, shi ne su ce Baba wannan magana gaskiya ce, a ba mu zuwa gobe mu lissafa. Gobe su dawo da takarda, ƙofa za ta ci kaza, za ta ƙara kwana kaza, in za a yi ta ko dai a samo ƙarin kuɗi ko a bar allo, Baba wanne ka zaɓa. Dattijo bai ji an raina shi ba, su kuma ba su nutse ba. A nan ne za ka shigo da maganar ƙafafun murhu uku, girman aiki da lokaci da kuɗi, ka taɓa ɗaya sauran biyun sai sun motsa, kuma za su gane don sun ɗanɗana.

Daga nan sai farfasa aiki, wanda ake taƙaitawa da WBS. Kwali da alƙalamin maka kawai kake buƙata. Su ɗauki aikin su yi ta tsaga shi har sai kowane guntu ya zama abin da za a iya ce wa mutum ɗaya kai ne da wannan, zai ci kwana kaza da naira kaza. In kana so aji ya farka ka ce a farfasa biki, za ka ga mata sun karɓe allo, lefe daban, kayan ɗaki daban, ɗinki, abinci, kamu, ɗaurin aure, kai amarya, kuma a ƙarƙashin kayan ɗaki kaɗai sai sun fito maka da abu goma sha wani abu. Sai ka tambaye su jere zai yiwu kafin a gama fentin gidan? Sun riga sun shiga darasi na gaba ba su sani ba.

Darasin na gaba shi ne zuciyar kwas ɗin a ganina, ka ba shi sati biyu cur ko uku ma. Dabarar CPM, wato gano sarƙar ayyuka mafi tsawo wadda ita ke yanke ranar gamawa, kamfanin DuPont ne da Remington Rand suka fito da ita a 1957, ita kuma PERT, ta ƙiyasin lokaci, sojojin ruwan Amurka ne a 1958 wajen aikin makami mai linzami na Polaris, jadawalin sanduna da kowa ya sani kuwa ya girme su, na Henry Gantt ne tun wajejen shekarun 1910. Tarihin ka faɗe shi a gurguje ka wuce ga allo. Ga misalin da nake amfani da shi na ginin shago ɗaya, alƙaluman na koyarwa ne. Zane da neman izini kwana 10. Haƙa fandisho da zuba shi kwana 5, sai an samu izini. Buga bulo da bushewarsa kwana 12, shi ana iya farawa tun ranar farko. Ɗora gini zuwa linta kwana 8, yana jiran fandisho da bulo duka. Rufi kwana 4. Filasta da daɓe kwana 6 bayan rufi. Ƙofar ƙarfe a wajen mai walda kwana 14, ana ba da ita da zarar zane ya fito. Kafa ƙofa da fenti kwana 3, shi ne na ƙarshe.

Ka tambayi aji kwana nawa shagon zai ɗauka, rabinsu za su danna kalkuleta su ce 62 don sun tara komai. Sai ka zana musu da kibiyoyi su gani da idonsu cewa bulo yana bushewa ne lokacin da ake zirga-zirgar izini, mai walda yana nasa lokacin da magini yake nasa. Sarƙar da ta fi tsawo ita ce izini, fandisho, gini, rufi, filasta, fenti, 10 da 5 da 8 da 4 da 6 da 3, kwana 36. Duk abin da ke kan wannan sarƙar in ya makara yini ɗaya shagon ya makara yini ɗaya. Mai walda kuwa zai gama a rana ta 24 alhali ba a buƙatar ƙofar sai rana ta 33, yana da rarar kwana 9, ba sai an je ana yi masa tijara a bakin shago ba in ya ƙara kwana biyu. Bulo rararsa kwana 3 ce kacal. Sai ka ce musu to mai bulo ya yi latti da kwana 5, me ya faru? A nan za ka ga masu kaifi sun fara murmushi, don yanzu bulo ya koma 17, ya wuce 15, sarƙar ta sauya hanya, shago ya koma kwana 38. Yaron da ya fahimci wannan da hannunsa ya san wa zai kira a waya da safe da wanda zai ƙyale, kuma wannan shi ne rabin aikin manajan aiki. Ka sa kowa ya yi irin wannan lissafi sau biyar ko shida a takarda kafin ya ga kwamfuta.

Ƙiyasin lokaci kuma tela ne malaminsu. Ka ce in komai ya tafi daidai zai gama ɗinki a kwana 3, yawanci yana yi a 5, in sallah ta matso ko wuta ta ƙi zama sai 13. Ƙa'idar PERT ta ce ka haɗa na farko da na ƙarshe da na tsakiya sau huɗu ka raba da shida, 3 da 20 da 13 sun zama 36, a raba da 6, kwana 6. Ba wai lambar tana da wani tsarki ba ne, amfaninta shi ne ta tilasta wa ɗalibi ya tambayi mafi munin abin da zai iya faruwa, don ɗan Adam in zai yi ƙiyasi ranar sa'arsa yake tunawa.

Ɓangaren kuɗi nan ne ɗaliban kasuwanci suke ganin sun iya saboda sun yi akawun, amma akwai tarko. Sun saba kwatanta abin da aka ware da abin da aka kashe kawai. Ka ba su wannan, an ba kafinta kwangilar benci 100 a kan naira miliyan ɗaya, kowanne dubu goma, cikin sati 10. A ƙarshen sati na biyar ya kashe 480,000. Za su ce madalla yana ƙasa da rabi, ya yi tattali. Sai ka ce to je ku ƙirga bencin, 40 ne. Aikin da ke ƙasa darajarsa 400,000 ce, an kashe masa 480,000, ya kamata kuma a ce 50 aka yi. Kenan kowane benci yana cin 12,000, in aka ci gaba a haka sai an nemo miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma ana bayan lokaci. Wannan tambayar ta je ka ƙirga bencin ita nake so ta zauna a kansu, don da yawansu gobe su ne za su zauna a ofis ana kawo musu takardar biya su sa hannu. A nan za ka taɓo kafin alƙalami da yadda ake biya zango-zango, da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, ko da a taƙaice ne.

Misalan manyan ayyuka suna da amfani amma kar su yi yawa, biyu sun isa. Na waje akwai gidan wasan opera na Sidni a Ostareliya, an fara a 1959 da ƙiyasin dalar ƙasar miliyan 7 da niyyar gamawa a 1963, bai buɗe ba sai 1973 a kan miliyan 102, babban dalili kuwa an fara zuba gini kafin a gama warware yadda za a yi rufin. Na gida kuwa kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a jihar Kogi, an ƙulla kwangilarsa da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet a 1979, an daɗe ana cewa ya kai kashi 98 cikin ɗari amma har yau bai narka ƙarfe yadda aka gina shi don ya yi ba. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da zai riƙa kai masa tama an fara shi a 1987, ba a ƙaddamar da shi ba sai 2020. Ka bar yara su yi muhawara a kai amma ka riƙe linzami, in ba haka ba cikin minti biyar ajin zai koma zagin 'yan siyasa, a tashi ba a koyi komai ba. Tambayar da za ka tsare su da ita ita ce wane aiki ne yake jiran wane, kuma me ake nufi da an gama.

Maganar haɗari ko kasada kar ka kwafo jerin da ke littafin waje, su zauna su rubuta nasu. Damina, rashin wuta, tashin farashin siminti tsakanin ranar ƙiyasi da ranar saye, rasuwa a gidan magini, yajin aiki. Duk wanda ya yi lissafin kwangila kafin 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai ya san yadda kuɗin jigila ya koma cikin 'yan kwanaki, haka yajin aikin ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas ya wargaza tsarin ɗaliban yawancin jami'o'in gwamnati a ƙasar nan. Kowane haɗari su rubuta yiwuwarsa, girman ɓarnarsa, wa zai sa masa ido, me za a yi in ya auku. Wani lokaci za ka samu ɗalibin da zai ce Malam ai wannan kamar shiga hurumin Allah ne, ka amsa masa cikin mutunci, ka tuna masa hadisin nan na ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, mu faɗi ranar gamawa mu ce in sha Allah mu kuma ware ɗan abin ko-ta-kwana.

Masu ruwa da tsaki ma haka, aikin ne zai koya musu. Gurup ɗin famfo sun je sun gaida mai unguwa sun samu izini, amma ba su tambayi matan da yaran da suke ɗiban ruwan ba, suka sa ranar gyara a ranar da gidaje biyu suke da suna, aka tashi babu ruwa. Tun daga lokacin nake sa kowane gurup ya rubuta wa zai amfana, wa zai iya hanawa, wa zai ji haushi in ba a gaya masa ba.

Game da manhaja, a'a ba dole ba ne, kuma ina ba ka shawara ka jinkirta ta har wajen sati na takwas. Excel ya isa a zana jadawalin Gantt. Akwai ProjectLibre kyauta ne, yana kama da Microsoft Project, in ka samu majigi da wuta ka shigar da misalin shagon nan a gabansu su ga kwamfuta ta fitar da 36 ɗin da suka samu da biro. Wanda bai yi da hannu ba in ya ga jan layin da ke nuna sarƙar nan mafi tsawo a allon kwamfuta bai san daga ina ya fito ba. Tsarin ajayil kuma, wato yin aiki kaɗan-kaɗan ana gwadawa ana gyarawa, wanda mutum 17 suka rubuta sanarwarsa a 2001 a jihar Yuta ta Amurka, ka ba shi sati ɗaya, allo mai gida uku, abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama, ya dace da masu haɗa manhaja ko mai gwada sabuwar haja a intanet, amma ka faɗa musu ba a zuba fandisho da gwaji.

Sai matsalar da na san za ta dame ka, maki da 'yan rakiya. A kowane gurup akwai mutum biyu da suke ɗauke da kowa da wasu da ba a ganinsu sai ranar gabatarwa. Abin da ya yi min aiki shi ne kowane gurup ya riƙe littafin zama, kwanan wata da waɗanda suka zo da abin da aka ɗora wa kowa, sannan a ƙarshe kowa ya ba sauran maki a asirce ya miƙo min, ranar gabatarwa kuma ni nake nuna wanda zai amsa tambaya ba su ba. Makin tes ɗin da sashe ya ba ka, talatin ne ko arba'in, ka zuba mafi yawansa a kan aikin, kuma ka ba da shi ne a kan yadda suka tsara suka bi diddigi suka faɗi gaskiya, ba a kan kyan hoto ba. Gurup ɗin da aikinsu ya faɗi amma suka iya nuna a ina ya faɗi da dalili sun sha samun maki fiye da waɗanda komai ya tafi musu sumul. Tun kafin ka fara ka sanar da shugaban sashe a rubuce, musamman maganar haɗa kuɗi, kuma kuɗin kar ya taɓa bi ta hannunka, ma'ajin gurup ne zai riƙe da rasit. Da yara ɗari da hamsin gurup ashirin kenan, ba za ka iya zama da kowa kowane sati ba, ka ce su turo rahoton rabin shafi duk Juma'a, kai kuma ka kira gurup huɗu ko biyar bi da bi.

Za su tambaye ka satifiket. Cibiyar PMI tana ba da CAPM da PMP, CAPM ita ce ta masu farawa, ba ta neman ƙwarewar aiki sai awa 23 na horo. PMP kuwa mai digiri sai ya nuna wata 36 yana jagorantar ayyuka da awa 35 na horo, don haka kar wani ya ruɗe su ya karɓe musu kuɗi yanzu. Akwai kuma satifiket na PRINCE2, tsarin gudanar da ayyuka na Birtaniya da ya fito a 1996.

Satin ƙarshe ka ware shi don rufe aiki, wannan kusan kowa yana mantawa. Su koma wajen wanda aka yi wa aikin ya duba ya sa hannu ya karɓa, su kawo lissafin kuɗi har canjin da ya rage a mayar wa masu shi, su rubuta shafi ɗaya na abin da da za a sake da sun yi daban. Waɗannan shafukan nake tarawa in ba 'yan shekara mai zuwa su karanta a satinsu na farko. Ina da na shekarun baya a fayil tare da jadawalin sati-sati da nake bi, in ka shigo ofis ka zo da filas in kwafa maka, ka gaida mutanen gida.